Ƙarfen Da Da Na Yanzu: Musun Babur A Garin Da Aka Hana Hawansa

Yaron da aka haifa a Gwange ko Bulumkutu a shekarar 2011 yanzu ya fara zama saurayi, amma bai taɓa ɗaga hannu ya tsayar da ɗan acaɓa ya ce a kai shi Monday Market ba. A watan Yulin waccan shekarar ne gwamnatin Kashim Shettima ta hana hawa babur a Maiduguri da Jere, na haya da na gida baki ɗaya, bayan da 'yan Boko Haram suka mayar da shi abin kai hari: mutum biyu a kan mashin ɗaya, na gaba yana tuƙi, na baya yana harbi, kafin a farga sun shige lungu. Tun daga nan titunan garin suka koma na keke napep da motoci da kekuna.

Hana hawa dai bai hana musu ba. Zauna a majalisar dattawan da suka yi aikin gwamnati tun garin yana hedikwatar Jihar Arewa Maso Gabas, ko a rumfar tsohon bakaniken babur da yanzu ya koma gyaran janareta da keke, ka ambaci Roadmaster. Nan take za a ce maka, “Ai ɗana, ƙarfe ya ƙare tun tuni.” Samarin da suka je Kano ko Gombe ko Yola suka hau Boxer su kuma su ce, “Baba, naku ai shan mai ne da hayaƙi.” Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Amma ina ganin dukansu suna tsallake tambayar da ta fi nauyi: wa aka yi wa mashin ɗin? Wace hanya, wane fetur, wane bakanike ne a ran wanda ya zana shi?

Baburan da ake musu a kansu siffarsu ɗaya ce. Inji a fili ba robar da ta rufe shi, tanki a gaba, doguwar kujera, fitila ɗaya zagayayya, mahayi zaune a miƙe. Vespa, wadda malamai da 'yan kasuwa suka so saboda ba ta ɓata babbar riga, da ƙananan Honda masu roba a gaban ƙafa, wani gida ne daban.

Kuɗin Udoji da ma'aikata suka karɓa a 1975, da bashin abin hawa da gwamnati ke bai wa ƙananan ma'aikata, su ne suka cika garuruwan Arewa da baburan Japan. Malamin firamare, malamin gona, duba-gari, akawu, kowa da nasa. A lokacin naira ta fi dalar Amurka daraja. Honda ta kafa kamfaninta na Nijeriya a 1979, tana haɗa babura a Ota ta Jihar Ogun, kamfanin Boulos yana haɗa Suzuki a Legas, John Holt kuma yana da Yamaha. Mai ɗan hali ya sayi Honda mai silinda biyu, CD175 ko Benly ko Roadmaster, mashin mai nauyi da sanyin murya. Wanda ƙarfinsa bai kai nan ba ya sayi Suzuki 100 ko Yamaha 100, masu inji mai bugu biyu, irin wanda ke ƙona baƙin mai tare da fetur, yana tafe yana barin shuɗin hayaƙi a baya.

Idan aka ce in zaɓi ɗaya ya tsaya a madadin wancan zamani, Honda CG125 zan zaɓa. Bai kai Roadmaster kwarjini ba, amma labarin yadda aka yi shi ya isa dalili. A farkon shekarun 1970 ƙananan baburan Honda suna shan kashi a kasuwannin ƙasashe masu tasowa, suna saurin lalacewa, masu bugu biyu na sauran kamfanonin Japan suna cinye kasuwa. A 1974 kamfanin ya tura injiniyoyinsa su zaga ƙasashen Asiya, irin su Tailan da Indonesiya da Filifin da Pakistan, su gani da idonsu. Abin da suka tarar, duk wanda ya san Baga Road a da zai gane shi. Mutum uku ko huɗu a kan mashin ɗaya, ko kaya fiye da ƙima. Baƙin mai ba a juye shi sai ya yi kauri ya zama laka. Matatar iska ta toshe da ƙura. Ba a zuwa wurin gyara sai mashin ya tsaya cak. Injiniyoyin nan ba su koma gida suna zagin masu hawa ba, sun koma ne suka sake injin.

Sandar da ke buɗe bawul, wadda a da take can a kan inji inda baƙin mai ke wahalar isa, suka sauko da ita ƙasa kusa da inda man ke kwance, suka haɗa ta da bawul ta wasu siraran sanduna biyu masu turawa. A wurin masana inji wannan komawa baya ce, domin irin wannan injin ba ya jure juyawa da sauri kamar wancan. Amma ko mai ya yi datti, ko ya ragu, ba ya saurin cin kansa. Suka sa matatar iska ta soso wadda za a wanke a mayar. Suka ƙarfafa jikin domin goyo da kaya. Mashin ɗin ya fito a 1975, aka fara ƙera shi a Manaus ta Brazil a 1976, kuma har yau ana yin sa a Pakistan da siffar da ba ta yi nisa da ta asali ba.

Wanda ya taɓa tsayawa a kan bakanike yana saitin tafet ɗin CG ya ga amfanin wannan tunani. Ya kwance 'yan notuna a kan inji, murfi ya fita, ga bawul biyu a gabansa. Ya juya inji da hannu, ya sassauta, ya ɗaure, ya kama da yatsa biyu ya ji ɗan motsin da ya rage, ya mayar da murfi, ya buga kik, ya kara kunne. In ƙarar ta yi masa, an gama. Kafireta ma haka. A kwance kofin ƙasa, a zubar da ruwa da yashin da suka kwanta, a zare jet a hura da baki, a ɗaga shi sama a ga haske ta 'yar ƙaramar kafar, a mayar. Sifana lamba goma da sha biyu da sha huɗu, da sukundireba, da filaya, su ne kayan aikin, kuma duk sun shige cikin tsohon galan da aka yanke wa kai. A garin da ƙurar hunturu ba ta barin ko'ina, zafin Afrilu yana wuce digiri 40, fetur kuma sau da yawa a kwalba ake sayensa a bakin hanya, wannan sauƙin gyara shi ne rabin darajar mashin.

Ɗaya rabin kuwa ƙarfe ne, kuma a nan dattawa ba su yi ƙarya ba. Tanki mai kauri, salansa da madigadi masu ƙyallin da ke shekaru bai ɓare ba, noti da za a kwance a ɗaura sau da yawa bai cinye ba. Sai dai akwai abin da ake mantawa in ana wannan yabo. Roadmaster ɗin da ya yi shekara ashirin a hannun akawu, daga gida zuwa ofis yake zuwa, sai masallacin Juma'a, sai ƙauye ranar hutu. Mai shi ɗaya ne, yana goge shi kullum da safe, yana juye masa mai a kan kari. Mashin ɗin acaɓa kuwa yana iya cinye a shekara ɗaya tafiyar da wancan bai yi a shekaru masu yawa ba, ɗauke da mutum biyu da buhu, a hannun yaron da ba nasa ba ne, wanda abin da ke ransa shi ne ya haɗa balas kafin magariba. Kuma tsofaffin da muke tunawa su ne waɗanda suka rayu. Waɗanda suka mutu da wuri an daɗe da sayar da su ga 'yan gwangwan, ba mai ba da labarinsu.

Tsofaffin suna da nasu aibun da ƙauna ke rufewa. Da yawansu wutar bolt 6 gare su, fitilarsu ja-ja ce, in ka sassauta totur ta ƙara dushewa. Kwantak ne ke ba da wuta, sai an riƙa kankare shi ana saiti. Masu bugu biyu suna shan fetur, suna kashe filogi, har mahayi ya saba yawo da wani a aljihu. Suzuki da Yamaha sun zo da famfon da ke auna baƙin mai da kansa, amma mutane da yawa ba su yarda da shi ba, sukan cire shi su riƙa zuba man a tanki da ƙiyasi, wani lokaci ya yi yawa hayaƙi ya turnuƙe, wani lokaci ya yi kaɗan fistin ya kama. Birki kuma na ganga ne gaba da baya, wanda in ya sha ruwa ko ya yi zafi sai addu'a.

Abin da ya kawo ƙarshen wancan zamani tattalin arziki ne, ba fasaha ba. Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta shigo da shirin SAP, naira ta faɗi, sabon babur ɗan Japan ya fi ƙarfin ma'aikaci. Wanda ke da tsoho ya fara ɗaukar fasinja da yamma domin ya cike gibin albashi, acaɓa ta zama sana'a. Kasuwa tana neman mashin mai arha, sai China ta amsa. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa na 2000 Jincheng ya mamaye Arewa, Lifan da Qlink da sauransu suka biyo baya, 'yan siyasa suka mayar da rabon babur hanyar neman ƙuri'a. Bayansu Indiya ta shigo da Bajaj Boxer da TVS, waɗanda a yau su ne dokin ɗan acaɓa a mafi yawan ƙasar nan.

Ga wani abu da ya kamata masu musun su sani: waɗannan “sababbi” jikokin tsofaffin ne kai tsaye. Jincheng ɗin da aka sani Suzuki AX100 ne, kamfanin da ke Nanjing ya samo fasahar daga Suzuki. Haojue na China abokin haɗin gwiwar Suzuki ne. TVS ya yi kusan shekara ashirin yana aiki da Suzuki kafin su rabu a 2001. Hero na Indiya ya yi zama da Honda daga 1984 har zuwa wajen 2010. Boxer da kansa ya fito a Indiya a 1997 da sunan Kawasaki da Bajaj a jikinsa. Injin CG kuwa ya zama gadon kowa, masana'antun China ba iyaka suna buga shi, sun faɗaɗa shi zuwa 150cc da 200cc, shi ne a cikin yawancin kekunan ɗaukar kaya masu buɗaɗɗen baya. Wato abin da muke kira sabon yayi a nan, zanen shekarun 1970 da 1980 ne da aka rage wa tsada.

To me ya ƙaru, me ya ragu? Babban abin da ya ƙaru shi ne tattalin mai. Ƙaramin inji mai bugu huɗu na Boxer ko TVS yana kai lita ɗaya inda tsohon Suzuki ba zai kai ta ba, kuma ba ya buƙatar a zuba masa baƙin mai a fetur. Lokacin da lita take ƙasa da naira 200 ana iya ɗaukar wannan ƙaramin abu. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, har lita ta kai ga haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, shi ne bambancin riba da asara ga mai haya. Wuta ta koma bolt 12, akwatin CDI ya maye gurbin kwantak, mashin yana tashi da bugu ɗaya da asubar hunturu, wasu ma da maɓalli. Indiyawa kuma sun yi abin da Honda ta yi a 1974, sun zo sun duba yadda ake amfani da mashin a Afirka. Doguwar kujerar Boxer shimfiɗaɗɗiya, da kariya mai ƙarfi, da shok mai ɗaukar nauyi, ba don ado aka yi su ba.

Abin da ya ragu shi ne kaurin ƙarfe da ingancin ƙananan abubuwa. Wasu daga cikin baburan China na farko sun ɓata wa sauran suna: fenti ya koɗe cikin damina ɗaya, waya ta tsinke, sipok ya saki, noti ya cinye tun kwancewar farko. Sun gyaru sosai daga baya, amma tabon ya zauna. Ni dai a ganina babbar cutar ba a masana'anta take ba, a shagon kayan gyara take. Ringi ɗaya, kwali iri ɗaya, farashi uku, kuma mai mashin da aljihunsa ya yi sanyi na ƙasan zai ɗauka. Mashin mai kyau da aka ciyar da jabun kaya shekara biyu ya zama jabu, sai a ɗora laifin a kan ƙasar da ta ƙera shi.

Maganar arha ma ta fara zama tarihi. A 2011, watanni kaɗan bayan dokar Maiduguri, Honda ta fito da Ace CB125 daga Ota a kan kusan naira 100,000 domin ta yi gogayya da 'yan China da Indiya. Mafi ƙarancin albashi a shekarar naira 18,000 ne, wato albashin wata shida ya saya. Yau sabon mashin na haya ya haura naira miliyan ɗaya, mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 kuma naira 70,000 ne. Ko mutum bai ci bai sha ba, sai ya yi fiye da shekara yana tarawa.

Akwai wani reshe na wannan zuri'a da bai iso mu ba, kuma sai an dube shi za a gane abin da muka rasa. A 1969 Honda ta fito da CB750, silinda huɗu, birkin faifai a gaba, tashi da maɓalli, ƙarfin doki kusan 68. Kawasaki ya mayar da martani da Z1 a 1972. Daga baya masu gudu suka koma baburan da aka lulluɓe da roba, har Ducati ta dawo da mai inji a fili da Monster a 1993, kasuwa ta sake buɗewa. Yau Honda tana sayar da wani CB750 ɗin mai suna Hornet, wanda ya fito a 2023: silinda biyu kawai, amma ƙarfinsa ya kai doki 90, nauyinsa kilo 190, ya fi kakansa sauƙi nesa ba kusa ba. Kawasaki Z900RS kuwa da gangan aka yi shi ya yi kama da Z1 a ido, alhali cikinsa kwamfuta ce ke auna fetur da iska, ruwa ke sanyaya inji, na'ura ke hana taya sulɓewa. A can ma akwai dattawan da ke cewa na da ya fi rai, kuma suna biyan kuɗi masu yawa su mallaki tsohon. Amma ba mai musun cewa na yanzu ya fi tsayawa in an taka birki.

Wannan ci gaba doka ce ta tilasta shi. Tarayyar Turai ta wajabta birkin ABS, mai hana taya ƙullewa, a kan sababbin baburan da injinsu ya wuce 125cc tun daga 2016. Indiya ta yi haka a 2019, ta kuma ce ƙananan dole su zo da birkin da ke haɗa gaba da baya. A Afrilun 2020 dokar hayaƙinta ta sa kusan duk baburan ƙasar suka bar kafireta irin ta da. Dokar hayaƙi ce ma ta kori CG125 daga kasuwar Turai a wajen 2008. A Brazil kuwa bai mutu ba, ya girma ya zama CG160 mai allurar fetur, yana shan fetur ko man rake. Masana'antun Indiya da ke yi wa mutanensu mashin mai ingantaccen birki su ne ke yi mana mai ganga gaba da baya, domin abin da kasuwarmu ke iya biya ke nan, kuma dokarmu ba ta nemi fiye da haka ba.

Ba duk abin da aka yi a can nake so a kawo mana yanzu ba. Allurar fetur tana son mai mai tsabta da batir mai rai, in ta ƙi kuma sai an jona na'ura kafin a san ciwonta. Mutumin da mashin ɗinsa ya mutu tsakanin ƙauye da ƙauye, inda ba kowa sai mai faci, kafireta ta fi masa rufin asiri. Birki kuwa wata magana ce. Mafi yawan ƙarfin tsayawar babur a tayar gaba yake, amma 'yan acaɓa da yawa tsoron birkin gaba suke yi, wasu har sassauta shi suke, saboda a kan yashi in ka damƙe shi ƙasa za ka sha. Birkin da ke haɗa gaba da baya ba ya buƙatar kwamfuta, waya ce da ɗan ƙarfen da ke raba ƙarfin takawa, kowane bakanike zai gane shi a yini ɗaya. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya da ta kiyaye haɗurra suna da ikon cewa kada a shigo ko a haɗa mashin da ba shi da shi. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin masu karaya a babban asibiti a garin da ake acaɓa ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Shekara hamsin ana gyara yadda mashin zai tashi da yadda zai rage shan mai, yadda zai tsaya kuwa yana nan inda aka bar shi.

Hular kwano ma haka, ko da yake a Maiduguri ba a ambatonta da wasa. Dokar sanya ta ta fara aiki a faɗin ƙasa a Janairun 2009. A watan Yunin shekarar, a zamanin gwamna Ali Modu Sheriff, takaddama a kanta tsakanin jami'an Operation Flush da mabiya Muhammad Yusuf, jagoran Boko Haram, da ke rakiyar gawa zuwa maƙabarta ta kai ga harbi da raunata mutane, bayan 'yan makonni kuma rikicin Yuli ya ɓarke. Hular ba ita ce tushen fitinar ba, amma yadda aka tilasta ta ya bar tabo. Wannan bai canza abin da likitoci suka tabbatar ba, cewa hula mai kyau tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, na raunin kai kuma da kusan kashi 70.

Abin baƙin ciki shi ne, halayen da suka sa wannan mashin ya zama abokin talaka su ne suka sa ya zama abokin ɗan ta'adda. Ba ya shan mai, yana bin hanyar ƙafa, yana ɗaukar mutum uku, ana gyara shi a daji. Shi ya sa dokar hana babur ba ta tsaya a Maiduguri ba. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, Diffa ta Jamhuriyar Nijar ta hana babura a 2015, jihohin Arewa maso Yamma kuma sun yi ta kafa nasu dokokin saboda 'yan bindiga. Ban ga laifin gwamnatin da ta ɗauki matakin a 2011 ba, rayuka ake kashewa kullum. Amma a riƙa tuna waɗanda suka biya kuɗin: dubban 'yan acaɓa, da masu kayan gyara, da ma'aikacin da ya jingine mashin ɗinsa a zaure har taya ta ruɓe, da manomin bayan gari da ba shi da wata hanyar kai amfaninsa bakin titi.

Saboda haka magajin tsohon babur na gaskiya a cikin Maiduguri ƙafa uku gare shi. Keken ya fara suna ne a Legas a hannun Buba Marwa, wanda kafin nan ya yi gwamnan soja a Borno daga 1990 zuwa 1992, sannan shirin NAPEP na gwamnatin Obasanjo ya yaɗa shi ya ba shi sunan da muke kiransa. Asalinsa ma daga gidan Vespa yake, domin da lasisin kamfanin Piaggio na Italiya Bajaj ya fara. Ya fi acaɓa mutunci ga mata da tsofaffi, yana da inuwa, ba ya kayar da mutum a yashi kamar mai ƙafa biyu. Amma ya ninka babur tsada, ba ya shiga kowane lungu, kuma ba abin hawan da ƙaramin ma'aikaci zai saya don kansa ba ne. Gurbin da CG da Suzuki suka cike, na mutum ya mallaki abin da zai kai shi inda yake so a lokacin da yake so, har yanzu a buɗe yake.

Alamu sun nuna lantarki ne zai nemi cike shi. Mustapha Gajibo ya yi suna a garin nan da mayar da ƙananan motocin haya masu aiki da batir da hasken rana, kuma a Disamban 2023 Shugaba Tinubu ya zo ya ƙaddamar da motocin haya na gwamnatin Babagana Zulum, ciki har da masu lantarki. A Kigali da Kwatano da Lome 'yan acaɓa sun riga sun fara hawa babura masu batir, in ya ƙare su shiga tasha su ajiye su ɗauki cikakke. Mashin mai lantarki ba shi da kafireta, ba filogi, ba juyen mai, ba ringi, a wannan fuska ya fi CG sauƙi. Rana kuma ba abin da Borno ta rasa ba ne.

Sai dai tambayar da injiniyoyin 1974 suka yi tana jiran wannan ma. Batir ba ya son zafi, zafin Maiduguri kuma yana rage masa kwana. Garin ya san abin da ake nufi da rashin wuta, tun da aka fasa turakun layin wutar Damaturu a farkon 2021 ya daɗe cikin duhu, har aka gina tashar gas da aka buɗe a 2023. Ambaliyar madatsar ruwan Alau ta Satumban 2024 ta nuna cewa ruwa ma abin lissafi ne, kuma injin fetur da ya nutse ana iya kwance shi a shanya a tayar, batirin da ya sha ruwa kuwa yana iya kamawa da wuta. In akwatin da ke sarrafa wutar ya ƙone, a rufe yake ruf, sai dai a sayi wani, in akwai shi a kasuwa. Duk gwamnati ko ɗan kasuwar da zai kawo irin waɗannan da yawa, ya kamata tun kafin a sa hannu a san wa zai kawo kayan gyara, a kuma tura masu koyo Ramat Polytechnic da rumfunan gyara su san cikinsa. Batirin shi ne kaso mafi tsada a jikin mashin, don haka a fayyace tun farko na waye, na mahayi ko na kamfani, nawa ne sabo in ya mutu, kuma ko na wannan kamfani zai shiga mashin ɗin wancan.